Inna, Sun Soya Irin Wakenki

Asabar, sati ɗaya da rufe makarantu, ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana. Ina zaune a gindin ɗorawar gonarki, a kan tabarmar da muka saba zuwa da ita. An yi ruwa jiya da yamma, ƙasa da laima har yanzu.

Zuwa ga mahaifiyata,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki a inda kike kwance. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa uwa tana durƙushe, ina sanar da ke cewa yau wata huɗu da kwana tara ke nan da rasuwarki. Kowa a gida lafiya. Sakamakon jarrabawarmu ya fito, na gama karatun aikin gonan da kika tsaya min a kansa, yanzu ina jiran a tura mu bautar ƙasa. Da wannan labarin na so in fara rubuta miki, amma ba shi ya kawo ni ba. Raina a ɓace yake, kuma a gida an ce in bar maganar. To ke zan gaya wa, duk mai karantawa ya karanta.

Sun soya irin wakenki, Inna. Duka.

Ki yi haƙuri in faɗa miki daki-daki, kin san halina.

Shekaranjiya Alhamis da hantsi na je ɗauko baƙin tulun nan na bayan ƙofar ɗakin girki, wanda kike cikawa da waken iri, ki cuɗa shi da toka da busasshen barkono saboda ƙwari, ki liƙe bakinsa da laka. Na so in fasa shi in zaɓi na shuka kamar yadda kike yi kwana biyu kafin tafiyarmu gona. Ban same shi a wurin ba. A tsakar gida na gan shi, an wanke shi tas, an cika shi da ruwa, da moɗa a kai.

Na bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Ga abin da na tabbatar. Goggo Lami, ƙanwar Baba, ita ta riƙe mana girki tun ranar jana'izarki har zuwa arba'in. Ana gobe sadakar arba'in aka ga waken da aka sayo ba zai isa ƙosai ba, saboda mutanen ƙauyenku sun aiko cewa mota biyu za su cika. Sai Goggo ta hangi tulun. Ta sa taɓarya ta ƙwanƙwashe lakar, ta tankaɗe tokar, aka surfa, aka wanke, aka kai niƙa.

Na ci ƙosan nan. Guda huɗu na ci, na tuna adadin saboda ranar ne na fara iya haɗiye abinci sosai. Mata suna ta yabo, wai ba su taɓa cin ƙosai mai tashi haka ba. Ni ma na yaba. Da bakina na ce wa Goggo sannu da aiki.

Da na same ta da maganar, ko kallona ba ta yi ba, tana ta tsinken zogalenta. Cewa ta yi, "Wake ne fa, ba zinare ba. Kuma sadakarta aka yi da shi, ladan ai nata ne." Ƙanena Sadiq ya yi dariya ya ce, "Yaya, ga wake can buhu-buhu a kasuwa, har wanda ya fi shi girma." Baba kuwa ya ce, "A bar maganar nan," ya sa takalmi ya fita masallaci, alhali da sauran kusan awa ɗaya a kira azahar.

Ban musa ladan ba, Allah Ya kai miki shi. Amma ko yaron ƙauye ɗan shekara bakwai ya ga tulu a liƙe da laka ya san iri ne, ba ya taɓawa. Goggo ba ta sani ba don ba ta taɓa son ta sani ba. A cikin ganuwa aka haife ta, a unguwar Limancin Kona ta yi aure, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, kuma shekara ashirin da biyar tana kiranki 'yar ƙauye cikin wasan da ba duka ne wasa ba. Duk dogon hutu sai ta tsaya a zaure tana kallon mu muna loda mota ta ce, "Ga kasuwa a bakin ƙofa, ku kun tafi cin taɓo." Ban ce ta yi da gangan ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba ta tambaya ba. Ina cikin gidan a ranar, a ɗakinki, taku goma sha biyu daga ɗakin girki. Na auna.

Ita ba ta san abin da ta fasa ba. Bari in tuna miki, ko da yake ke kin fi ni sani.

Asabar ɗin farko bayan an ba da hutu, ana idar da sallar asuba kike tashin mu. Tabarma a saman tsohuwar motar Baba, kular dambu a but, flas ɗin shayi tsakanin ƙafafun Sadiq, ke a gaba da ƙwaryar iri a cinya, kin rufe ta da gefen mayafi kamar jariri. Muna fita ta Ƙofar Doka sai ki ɗaga murya da addu'ar tafiya, mu amsa muna hamma.

Tafiyar minti hamsin da biyar ce idan ba a yi ruwa ba. Idan an yi, sai yadda hali ya yi. Sau uku a sanina motar ta kafe a taɓo bayan gada, muka fito muna turawa, Baba yana riƙe da sitiyari yana ba da umarni ta taga. Kin taɓa ce masa, "Malam, ko ka fito ka tura, ni in zauna in yi ihun?" Har yau Sadiq yana maimaita wannan.

A gona kuwa Baba yana gaba yana sara da sungumi tsakanin kunyoyin dawar da 'yan'uwanki suka shuka, ke kina biye kina jefa ƙwaya uku-uku kina rufewa da diddige, ba kya ko sunkuyawa. Mu kuma aikinmu ɓarna: mu gasa masara, mu shiga rafi duk da kin hana, mu dawo da ƙaya a ƙafa. Idan hadari ya taso mu gudu bukka mu cunkushe, kina ƙirga mu da ido.

Da kaka mu sake komawa roro. Ke kaɗai kike zaɓen kwanson da za a ajiye na iri, ba kya yarda kowa ya taya ki.

Ɗan Hajjo kike kiran waken, da sunan kakarki wadda ta zo da shi gidan aure. Ƙanana ne, farare, da jan hanci. Yana yaɗo ya rufe ƙasa, harawarsa takan riƙe mana ragon layya, kuma yana dahuwa ba tare da kanwa ba. Na zaga kasuwa jiya, rumfa goma sha ɗaya na masu hatsi, babu mai shi. Biyu daga cikinsu ma ba su taɓa jin sunan ba.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don kada in yi wa Goggo rashin adalci. Malaminmu na fannin iri ya ce in kawo ko rabin mudu ne a ajiye a ɗakin sanyin da ake adana iri. Na gaya miki. Ranar da za ki liƙe tulun bayan kaka kika kira ni a waya kika ce, "Malama, ki zo ki ɗiba kafin in rufe." Na ce sai na gama jarrabawa. Daga makarantarmu a Samaru zuwa gida ba ya kai awa ɗaya a motar haya. Ban zo ba. Wannan ne yake hana ni cin abinci tun shekaranjiya, ba maganar Goggo kaɗai ba.

Baba ya riga ya ce bana babu tafiya. Ya ce hanya ba kamar da ba, ya ce motar tana buƙatar gyara. Na san ba hanya ba ce, kujerar gaba ce ba ya son ya gani babu kowa. Jiya bayan la'asar na durƙusa a gabansa na tuna masa al'adarki: duk amaryar da aka kawo ƙauyenku sai kin ba ta cikin tafin hannu na ɗan Hajjo, ki ce ta shuka a bayan ɗaki. Na ce ko mutum ɗaya ce ba za a rasa mai saura ba. Sai ya ce, "Kafin la'asar mun dawo."

Yau muka fito, ni da shi da Sadiq. Ba wanda ya zauna a gaba. Da muka kai Ƙofar Doka kowa yana jiran wani ya fara, sai Baba ya karanta addu'ar da kansa, can ƙasa-ƙasa.

Gida tara na shiga. Mata sun yi min gaisuwa, sun yi kuka, sun ba ni fura, amma duk sun koma shuka sabon iri mai saurin nuna. Ɗaya ta ce nata awaki suka cinye, ɗaya ta ce tun bikin 'yarta aka dafa. A gida na tara ne na samu Iya Tabawa, tsohuwar nan mai kitso da kike kai wa sabulu. Da na faɗi abin da ya kawo ni ta ce, "Ɗan Hajjo? Yarinya, tsaya." Ta shiga ɗaki ta daɗe tana birkita kaya, ta fito da ƙullin tsumma wanda bai kai girman ƙwan kaza ba. Ta ce na kakar bara waccan ne, ta manta da shi a cikin ƙwarya.

Na kwance shi a kan faifai na ƙirga sau biyu. Ƙwaya arba'in da uku. Goma sha bakwai ƙwari sun huda. Saura ashirin da shida.

Abin da ya rage na tulu guda ke nan, Inna. Na iri tun daga kakarki.

Sadiq ya ce mu shuka duka kawai mu huta. Na ƙi. Ke ba ki taɓa juye tulu gaba ɗaya a ƙwarya ba, kullum kina cewa a bar rabi a gida ko da ruwa zai ɗauke. Na raba biyu. Goma sha uku na ƙulle a bakin mayafina, goma sha uku na shuka, ɗaya-ɗaya a rami ba uku-uku ba, ki yafe min wannan. A kunya ta uku daga ɗorawa suke, ɓangaren gabas. Na kafa kara a kan kowane rami.

Ban roƙi Baba ba. Ina neman wanda zai ara min sungumi sai na gan shi ya naɗe hannun riga ya karɓo a maƙwabta. Ya yi sara goma sha uku, ina biye ina jefawa. Da na zo rufewa da diddige na kasa yi a tsaye yadda kike yi, sai da na durƙusa na rufe da hannu. Bai juyo ba har muka kai ƙarshe, kuma na ga dalilin da ya sa bai juyo ba.

Akwai wani abu kuma. Da na buɗe but ɗazu zan ɗauko tabarma, na ga baƙar leda a kusa da kular dambu. Toka ce, an tankaɗe ta, da busasshen barkono guda biyar a ciki. Sadiq ya ce Goggo ce ta aiko da ita da sassafe, ba ta haɗa da saƙon komai ba. Har yanzu raina bai huce ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma a cikin tokar zan ajiye goma sha ukun.

Baba yana kiran mu, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ga abin da ban sani ba har zuwa wannan lokaci:

Ban san ko ƙwaya nawa za su tsiro ba. Wake mai shekara biyu a tsumma ba shi da tabbas. Nan da kwana biyar zuwa bakwai za a gani.

Ban san ko ɗan Hajjo ne tsantsa ba. Launin ya yi daidai, amma idon Iya Tabawa ya yi rauni, tana iya haɗawa da wani. Sai ya yi yaɗo ya yi kwanso zan gane.

Ban san inda za a tura ni bautar ƙasa ba, ko zan kasance a nan lokacin roro, ko wa zai zaɓi kwanson iri idan ba na nan.

Ban san ko tokar Goggo ban-haƙuri ce ba.

Ban san ko kin ji haushina ranar da na ce sai na gama jarrabawa ba. Kin dai ce, "To, Allah Ya ba da sa'a," kika kashe wayar.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ƙosan nan ya zame miki nauyi a mizani tunda an riga an ci. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya tsare ramuka goma sha uku daga ɓera da awaki. Ya sanyaya min zuciya a kan Goggo, da kuma a kaina.

'Yarki ta fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
Malama