Abin Da Na Gaya Wa Kocin Ɗanka

Zuwa ga maigidana, Abban Hafsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai yake iya yi wa wanda ya riga shi, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci. Mu nan unguwar Highbridge ta New York lafiya lau, sai sanyin da ya fara shigowa, da hawan tudun nan da ka san gwiwata ba ta shiri da shi. Na san ba za ka karanta wannan ba. Masu karantawa su ne mutanen da ke bin shafina don ganin hoton waina da miyar taushe, to yau su yi haƙuri, ba girki na kawo ba. Kunya ce ta ishe ni, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Har yanzu ina aiki a gidan abincin Hajiya Mariya. Har yanzu kuma ranar Asabar da safe abokanka suna cika wurin don kallon ƙwallon Turai, mutum ya sayi kofin shayi ɗaya ya zaune mana kujera har azahar. Kujerarka ta kusa da firji Malam Awudu mutumin Kumasi ne ya gaje ta. Alhaji Isufu na Maraɗi, mai sayar da jakunkuna a Canal Street, yana nan da ƙaton muryarsa. Ɗanladi abokin tuƙin tasinka shi ma ba ya fashi.

Musun da ka bar su a kai, wallahi ko motsi bai yi ba. Ɗan wasa ya yi tashe a wannan kulob, a saye shi, ya je can ya koma kamar bai taɓa ganin ƙwallo ba. Laifin wa? Alhaji Isufu ya ce wanda ya iya ya iya, ko a kan kwalta ka ajiye shi. Malam Awudu ya ce ina, koci ne da tsarin wasansa suke ɗaga mutum ko su binne shi. Kai kullum bayan Awudu kake, kana buga tebur kana cewa, "Ƙafar ba ta canja ba, mai ba ta aiki ne ya canja." Ni kuwa ina bayan kanta ina muku dariya, manya da gemu kuna tada jijiyar wuya a kan mutanen da ba su san kuna duniya ba. Ashe wata rana musun zai shigo har cikin ɗakina.

Maganar ɗanka ce, babban.

Ka san ban taɓa kama sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma haka aka rene ni a Zariya: ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Shi ya sa kai ma Abban Hafsa nake ce maka, mutane kuma suke ce mini Maman Hafsa, alhali ƙanwarsa ce. Kai kam tun a filin jirgi, ranar da muka sauka ƙasar nan, ka zubar da taka alkunyar. Kakan tsaya bakin fili kana kwaɗa masa kira har muryarka ta dushe, ka dawo gida kana ba ni labarin yadda ya yanke 'yan baya, shi yana tsaye yana ji. In ce maka, "Kai dai ba ka da ta ido." Ka ce, "Ni zan yi ta yabon, ke ki yi ta kunyar, sai mu tashi daidai." Ban lura cewa da ka tafi an bar shi da kunyar kaɗai ba.

A ƙungiyar unguwa da ka bar shi, ya ci gaba da cin ƙwallaye. Tsohon kocinsu ya san shi tun yana ƙarami, ya san gudu ne arzikinsa, sai ya sa a riƙa cillo masa ƙwallo mai tsawo ya bi ta. Bana wata babbar ƙungiyar matasa a Manhattan ta ɗauke shi. Irin wadda masu neman 'yan wasa daga jami'o'i ke zuwa kallo ce, in suka ga yaro ya yi musu, sai su ɗauki nauyin karatunsa. Ka fi kowa sanin abin da wannan ke nufi ga ɗan mace mai tuya waina. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a sakandare, in bana ta wuce shi ke nan.

Kafin a fara wasanni, sabon kocin ya kira iyaye ɗaya bayan ɗaya. Bature ne, saurayi, mai fara'a. Na ci kwalliya muka tafi da ɗanka, har da mayafin nan shuɗi da ka kawo mini daga Makka. Muna jira a waje ina jin wata mata tana gaya masa ɗanta ba shi da na biyu a duk New York. Na ce a raina, oh ni, wannan ko tsoron baki ba ta yi.

Da muka shiga, ya sa muka zauna, ya ce in ba shi labarin ɗana, wane irin yaro ne. Abban Hafsa, yaron yana zaune kusa da ni. Me kake so in ce? Na sunkuyar da kai, na tattaro ɗan Turancin da nake da shi, na faɗi abin da Inna ta faɗa wa malamaina a kaina, abin da kowace uwar kirki ke faɗa in ta kai ɗanta wurin malami. Na ce ba wani abin a zo a gani ba ne. Na ce malalaci ne, ga son barci, ga taurin kai, ya matsa masa sosai kada ya raga masa.

Ina jiran ya yi dariya ya ce haba dai, kamar yadda malaminmu zai yi. Bai yi ba. Fara'ar ta ragu, ya kalli yaron, ya gyaɗa kai, ya gode mini da na faɗa masa gaskiya. A jirgin ƙasa muna dawowa ɗanka ya juya mini ƙeya yana kallon taga. Ni kuwa ina ta jin daɗi, wai na fita kunyar tarbiyya.

Aka fara wasanni. Sabon kocin ba ya son doguwar ƙwallo, gajeren fasin yake so, a yi ta ba ni in ba ka tun daga baya. Ya cire ɗanka daga gaba ya mayar da shi gefe, daga gefe sai benci. Ran da ya makara zuwa atisaye, don ya tsaya raka Hafsa Islamiyya kafin ya kama jirgin ƙasa biyu, ba a tambaye shi dalili ba. Ni ban san duk wannan ba. Abin da na gani kawai, rigarsa tana dawowa fes, babu abin wankewa.

Asabar ɗin da ta wuce waccan, ana hutun rabin lokaci a wasan da suke kallo, sai musun ya bar Turai ya sauko kan ɗanka. Malam Awudu ya ce ga misali a gabanmu, yaron marigayi. Ya jera kofunan shayi a tebur yana nuna yadda aka toshe masa hanyar gudu, ya ce ka ɗauki mai gudu ka ce ya tsaya yana jiran fasin, ai ka kashe shi. Alhaji Isufu ya ce a'a, babban fili ne ya ba shi tsoro, a unguwa kowa zakara ne. Na ci gaba da juya waina kamar ba da ɗana ake ba.

Sai Ɗanladi ya ce su saurara. Ya ce shi ya je wasansu da kansa, ya tsaya a matsayin uba, ya tari kocin ya tambaye shi me ya sa ba ya sa yaron. Ya ce, "Kun san abin da Baturen nan ya ce mini? Wai ba tsari kaɗai ba ne. Wai yaron ba shi da himma, har uwarsa ta gaya masa haka da bakinta. Ku ji ƙarya!"

Alhaji Isufu ya kwashe da dariya ya ce, "To ai kowace uwa haka take cewa, alkunya ce, wa zai ɗauka da gas…" Bai ƙarasa ba. Gaba ɗayansu suka juyo suka kalle ni, sannan gaba ɗayansu suka kau da kai. Malam Awudu ya ɗauki rimot ya ƙara sautin talabijin, ga shi talla ake yi. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Wainar da ke kan tanda ta ƙone ƙurmus ina kallonta, na kasa ɗaga hannu.

Da na koma gida na tarar da takalman ƙwallonsa a cikin ledar kayan da muke tarawa don aikawa gida. Na tambaye shi. Ya amsa da Turanci, kamar kullum, ya ce ya daina. Na ce a kan me? Ya ce in koci bai yarda da shi ba zai iya jurewa, amma ni ce na gaya wa kocin. Na ce haba, ai magana ce kawai, haka ake yi, don kada baki ya kama ka. Sai ya ɗago ya kalle ni, da idanun nan naka, ya ce da Hausarsa mai tsami, "Mama, ko sunana ba ki taɓa faɗa ba. Na ɗauka haushina kike ji."

Abban Hafsa, shekara goma sha bakwai yaron nan yana ɗauke da wannan. Na ce masa ai don ya fi kowa ne a wurina. Ya ce to wa ya gaya masa? Kai ne mai gaya masa, kuma ba ka nan. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka.

Ranar Laraba na roƙi Hajiya Mariya ta sake ni da wuri, na tafi wurin atisayensu ni kaɗai. Na tsaya gaban yaron Baturen nan da na girme wa nesa ba kusa ba, ina haɗa Turanci da hannu. Na ce abin da na gaya masa ba gaskiya ba ne. Na ce ɗana yana tashi da asuba ya yi gudu kafin makaranta, shi ke raka ƙanwarsa, shi ke ɗauko mini buhun shinkafa zuwa hawa na biyar. Na ce a wurinmu in uwa ta kushe ɗanta, yabo ne take ɓoyewa. Kowace kalma sai da na ji kamar ana cire mini mayafi a kasuwa.

Fuskarsa ta yi ja. Ya ba ni haƙuri. Amma ya ce tsarinsa tsarinsa ne, ba zai canja shi don mutum ɗaya ba, kuma ba ya yi mini alkawarin komai. Ka ga, kai da Awudu kuna da gaskiyarku. Sai dai a duk musun da kuka yi shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa tambayar abin da aka gaya wa koci kafin ɗan wasa ya taka fili.

Na fito da takalman daga leda na ajiye wa ɗanka a bakin ƙofa. Ranar Lahadi da safe na ga babu su.

Na bi shi. Karo na farko ke nan da na je kallonsa. Abokanka uku ma sun zo a tasin Ɗanladi, suka gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Yana benci har aka dawo hutu, ya rufe kai da hular riga. Ana gab da tashi, an ci su ɗaya, sai kocin ya waiwaya ya yafito shi.

Bai daɗe da shiga ba wani ɗan bayansu ya rasa wanda zai ba, ya narka ƙwallon gaba. Irin ta da. Na ga ɗanka ya zabura. Ban san lokacin da na miƙe ba, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ji dai wata murya tana ihu da Hausa a tsakiyar Turawa, tana kiran sunansa, tana cewa ya yi gudu. Alhaji Isufu ya sunkuyar da kai yana salati. Ɗanladi ya kama baki.

Bai ci ba, kada ka sa rai. Ya riga kowa isa, ya buga, ta bi ta saman raga. Amma bai kama kai ba kamar yadda suke yi. Ya tsaya cak a tsakiyar fili ya juyo yana nema a cikin mutane, har ya gan ni. Kocin na yi masa tsawa ya koma wurinsa, shi yana kallona.

Ban san ko masu jami'a za su ɗauke shi ba. Ban san ko kocin zai sake sa shi ba. Na san dai labarin ya riga ya kai Zariya, Yaya Asabe ta bugo ta ce Amurka ta cinye ni. Ita ma kunyarta nake ji. Amma jiya da na dawo aiki na tarar da riga cike da laka a cikin bahon wanki, na tsaya ina wanke ta ina murmushi kamar wata taɓaɓɓiya.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da alherin yabon da ka yi ta yi a madadina. Allah Ya buɗa wa yaran nan hanya, Ya haɗa su da masu ganin alherinsu. Ni kuma Ya ba ni bakin faɗar abin da ke raina tun masu ji suna kusa. Amin.

Taka har gobe,
Maman Haruna