Inna, Ashe Ana Tsallakewa

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uwa, ina fata kina kwance cikin ni'ima. Ni ne Lawwali. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Inna, ina Doha. Ba Makka ba ce, ko da yake 'yan garinmu sun kafe sai Alhaji suke ce mini. Tuƙi nake yi a gidan wani Balarabe a Rayyan, shi ne kafil ɗina, wato mai riƙe da bizata. Kwana kuma a Mansura, ɗaki ɗaya da wasu Kanawa masu gadi. Zafin garin nan, na Dutsin-Ma ƙanensa ne.

Wani abu na gani ya hana ni sakat, shi ya sa na ɗauko biro.

Ɗan maigidana, Jasim, zai yi jarrabawar shiga wata makarantar Turawa. Kullum bayan la'asar nake kai shi gidan wata malama 'yar Indiya, in zauna bakin ƙofa ina jira. Tana da wani agogo kamar ƙwai, sai ta murɗa shi ta ajiye. In yaro ya daɗe kan tambaya ɗaya, sai ta ƙwanƙwasa tebur, yalla, yalla, wato maza-maza! A mota na tambayi Jasim da guntun Larabcina ko laifi ya yi. Ya yi ta yi mini dariya. Wai haka ake yi. Ka amsa masu sauƙi tukuna, mai wuya ka sa mata ɗigo ka wuce, in lokaci ya rage ka dawo.

Inna, ashe ana tsallakewa? Wallahi saura kaɗan in hau shataletale da motar mutane.

Kin tuna ranar tawa jarrabawar, ta shiga sakandare? Kin wanke mini rigar makaranta kin shanya a kan danga. Kin fere mini fensir da rezar da kike yanke mana farce. Na amsa na farko-farkon, sai na ci karo da wani lissafi na jirgin ƙasa. Na rubuta, na goge, na sake, har takardar ta huje. Ban juya shafi ba, don ke kika ce ba a tsallake aya, allo sai an iya ake wankewa. Da aka ce a ajiye fensir na leƙa baya, sai ga tambayoyin da ko cikin barci na san su.

Na dawo na gaya miki. Miya kika ƙara mini.

Ba laifinki nake gani ba. A allo gaskiyarki ce. Babu dai wanda ya gaya mana na boko da agogo ake yin sa.

To yanzu ga Zinatu, autarki, da kika bari tana koyon ɗaura ɗankwali. Ta kai aji shida, Asabar mai zuwa za ta zauna tata jarrabawar. In ta ci, za a ɗauke ta makarantar kwana ta gwamnati. In ba ta ci ba, kin san babu sakandare a kusa da mu, sai dai ta zauna tana taya Gwaggo Asabe suyar ƙosai. Kanta ya fi nawa ja nesa ba kusa ba. Amma malaminsu ya ce ba ta taɓa kai ƙarshen takarda ba. Ciwona ne sak.

Ranar Juma'a da nake hutu na sayi katin waya a kasuwar Suƙ Waƙif. Na kira mai wayar nan na ƙarƙashin lema a bakin tashar garinmu, ya aika aka kirawo ta. Na zayyana mata duk dabarar 'yar Indiya. Ta saurara har na gama. Can ta ce a'a, ita ba za ta tsallake ba, Inna ta hana. Muryarki ce, har yadda kike jan a'ar. Katin ya ƙare ina riƙe da waya kamar wawa.

Na yi kwanaki raina a jagule. Yarinyar nan ba ta tuna fuskarki sosai. Maganar nan ita ce abin da ta riƙe naki, ni kuma na zo daga wata uwa duniya ina so in ƙwace mata.

Sai jiya na makara cin abinci. Na shiga kicin, na tarar kukun gidan ya rufe mini shinkafata da faranti. Na tsaya ina kallon farantin. Inna, ai ke ma kina tsallakewa! In kina rabon tuwo ina can wajen ƙwallo, ba kya hana sauran ci saboda ni. Sai ki ɗebi nawa, ki rufe da faifai, ki tura gefen murhu, ki ci gaba da rabo. "Na mai yawo rufewa ake yi, ba a zubarwa," haka kike cewa. Kuma ba ki taɓa mantawa da kwanon ba.

Yau da safe na sake kiran ta. Na ce tambaya mai wuya ta rufe ta da faifai irin na Inna, ta sallami sauran, ta dawo mata tun da ɗuminta. Ta yi dariya, ta tambaye ni wane faifan. Na ce mai ja da kore a baki. Ta ce yana nan, da shi Gwaggo take rufe ƙullu. Ta ce to, za ta gwada.

In na karkata maganarki, ki yafe mini. Ban samu wata hanyar ba sai taki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya sa wa hannun Zinatu sauri, Ya kai ta shafin da ni ban kai ba.

Ni kuma nawa kwanon, ki bar shi a rufe, Inna. Na yi nisa a yawo, amma ina tafe.

Ɗanki mai makara,
Lawwali
Mansura, Doha