Sunana da Masu Fotokwafi Suke Yankewa

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar marubutanmu ta nan Gombe,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ni ne Alhaji Buba Mai-inji. Da facin taya na fara a bakin titin Arawa, yau shagona na injin ban-ruwa ƙofa uku ne a Jekadafari, kuma ba wanda ya ɗora ni. A sakandare na tsaya, ban taɓa ɓoyewa ba.

Na ɗaya. Ni na fassara takardar bayanin injin ban-ruwa daga Turancin 'yan Sin zuwa Hausa, shafi goma sha shida. Duk wanda ya taɓa ganin Turancin nan ya san abin da na sha.

Na biyu. Sunana yana ƙasan bango. Masu fotokwafi na Pantami, garin matse shafi biyu a takarda ɗaya, daidai nan suke yankewa. Har surukina ya kawo mini kwafi, wai in karanta in ƙaru, wani farfesa ne daga Kano ya rubuta. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Suruki ne, ya zan yi?

Na uku. Na ji a rediyo cewa a Jamus da maƙwabtanta masu jin Jamusanci, marubuta da masu fassara suna da ƙungiyoyi da ke tsayawa sai an sa sunan mai fassara a bango, an biya shi daidai wahalarsa. Sai na sa babbar riga na zo taronku ranar Asabar. Sakatarenku ya juya littafin, ya ce wannan ba adabi ba ne, babu jigo, babu tauraro. Daga nan ya tambaye ni ko zan ɗauki nauyin lemo. Na ɗauka. Har mai waƙoƙin soyayyar nan ya sha kwalba biyu.

Ina roƙo a yi mini rajista, a kuma rubuta wa masu fotokwafi takardar gargaɗi. Kuɗi ba su dame ni ba, sunana nake so.

Kafin ku zauna, ina sanar da ku na sake bugawa. Yanzu sunana yana tsakiyar shafi, layi ɗaya da bayanin yawan baƙin man da ake zubawa. In mai almakashi ya yanke, injin mutane ya ƙone, su je su same shi.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, ya shiryi sakatare.

Wassalam.
Alhaji Buba Mai-inji, Mafassari