Da'irar Rumbun Baba

Yaya Sa'adatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya maigida da yara? Mu nan Birnin Gwari sai godiya.

Jiya malamin lissafi ya zana da'ira a allo, sai hankalina ya tafi Kakangi. Na ga marigayi Baba yana zagayawa da igiya, yana shata gindin sabon rumbu, ke kina danne turken kada ya goce. Har ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na ji.

Malam ya ce, "Balkisu, ina tsakiyar da'irar?"

Na ce, "Tana hannun Yaya." Aji ya tuntsire da dariya, ban da ni.

Ki sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. Ki gaida kowa. Allah ya kwantar da dajin nan, mu je mu ga ko rumbun yana tsaye.

Ƙanwarki,
Balkisu