Na Tambayi Habu Takardunsa

Zuwa ga ƙanena Sanusi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta wa da ƙani, da fatan Allah ya yalwata maka inda kake kwance.

Ina sanar da kai mun bar gidan unguwar Utaiƙa. Ni da sauran abokan zamanmu mun kama wani a Nasim, ba nisa da maƙabartar da muka kai ka. Tsohon gida ne, wayoyinsa duk sun ci ƙasa, mai gidan ya ce mu nemo mai gyaran wuta da kanmu. Kafin a rufe baki Malam Idi, dattijonmu, ya ce a kira Habu.

Habun da ka sani. Shi ya ɗaura mana tukunyar dumama ruwa a banɗakin Utaiƙa. Ka shiga wanka da safe za ka fita aiki, ka kama famfo, wuta ta riƙe ka. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Habu ma yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka, yana kuka fiye da ni. Ni ban yi ba. Har yau ina jiran kukan ya zo.

Ka san dokarmu a garin nan na Riyad: ba a tambayar ɗan'uwa takarda. Tambayar 'yan sanda ce, musamman tun da aka fara kame a tituna. Namu ne, yana salla a sahunmu, shi ke nan an gama bincike.

Na tambaye shi, Sanusi. A gaban kowa, muna kan tiren shinkafa. Na ce ya nuna mini lasisinsa da shagon da yake aiki a ƙarƙashinsa. Hannuwa suka tsaya. Ya ciro iƙamarsa, katin izinin zama, ya miƙo mini, a wajen sana'a an rubuta makiyayi. Aikin wuta a wurin gini a Dir'iyya ya koya, da ido. Malam Idi ya ce na tozarta bawan Allah a kan abincinsa. Ban ji haushi ba, ban ji kunya ba. Na mayar masa da katinsa na wanke hannu.

Ka tuna yadda kake tsokanata a kasuwa? "Yaya, kai ko tumatir sai ka duba gindinsa." To, da wannan halin na fita. Idan na sauke yaran kafilina, ubangidan da nake wa tuƙi, a makaranta sai in bi shagunan masu wuta. In karanta lasisin da ke bango, in ga ko ya ƙare. In duba ko sunan da ke jiki shi ne na saman ƙofa. Wani ya ce nasa yana wajen sabuntawa, na yi masa sallama. Wanda na zaɓa sai da na je baladiyya, ofishin da ke ba su izini, na tabbatar. Na kuma je gidajen da ya yi aiki a da, na yi ta buga ƙofar mutane da gurgun Larabcina ina tambaya ko wuta ta taɓa jan wani.

Ranar aikin ma'aikacinsu ya jawo wata siririyar waya, kore da rawaya. Na tambaye shi amfaninta. Ya ce idan wuta ta zuba a jikin ƙarfe, ita ke kai ta ƙasa kafin ta samu mutum. Na tuna tukunyar Utaiƙa, ni na kwance ta bayan jana'izarka. Babu wannan wayar a jikinta. Na karɓi guntun da ya yanke, na juya shi a tafin hannuna, ko kaurin igiyar takalmi bai kai ba. Na sa a aljihu, yana nan har yanzu.

Habu ba ya gaishe ni a masallaci, Malam Idi kuma a taƙaice yake amsawa. Amma duk suna wanka da ruwan zafi, sanyin Riyad ya shigo sosai. Ni dai bokiti nake tarawa a famfon waje, in yi wanka da ruwan sanyi. Na san an gyara, ni na tsaya a kai. Hannuna ne ya ƙi kama famfon banɗakin.

Inna tana tambaya ko na je kabarinka. Ina zuwa duk Juma'a, sai dai ban san abin da zan ce ba, shi ya sa na rubuta.

Allah ya jiƙanka, ƙanena. Ya sanyaya makwancinka, ya yafe wa Habu, ya sa ranar da zan iya yi maka kuka ta zo.

Yayanka,
Bala