Marsandin Malam a Ƙarƙashin Tamfol

Jekadafari, Gombe.

Zuwa ga Yaya Ibrahim Khalil, Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya, ka yi mini afuwa da na dame ka da takarda, alhali na san hidima ta yi maka yawa, ciwon ƙafar nan kuma bai gama sakinka ba. Da magana ce da zan iya haɗiyewa ni kaɗai, da ba ka ji ta ba. Sau biyu ina ɗaukar waya in kira ka, sai in katse tun kafin ka ɗauka. Shi ya sa na zauna na rubuta, babbar 'yata Joda za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka sauƙi, Ya sa kaffara ne. Allah Ya jiƙan maigidana, ƙaninka Malam Ɗantala, Ya haskaka makwancinsa, Ya sada shi da iyayenmu a gidan aminci.

Mu nan sai godiya. Na fita takaba ranar Larabar makon jiya. Joda tana leƙo mu daga gidan mijinta a Hammadu Kafi kusan kullum. Autata Ikhlas ta koma makaranta, ta shiga izu na ashirin, sai dai har yanzu in an yi sallama a zaure da muryar babban mutum takan ɗaga kai da sauri, sannan ta sunkuyar. Damina ta yi albarka bana, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wannan ruwan kuwa yana cikin abin da ya kawo ni gare ka.

Maganar motar Malam ce, Yaya. Kai ka fi ni sanin matsayinta a wurinsa. Shekarar da na yaye Joda ya kawo ta daga Kwatano, yau shekara ashirin da huɗu ke nan, kuma ban taɓa ganin ranar da aka turo ta gida ba. Ka tuna musun da suke yi da ƙaninku Sallau a kan tabarma duk ranar Juma'a bayan an sauko? Sallau ya ce motar Jamus tana shan mai kamar raƙumin da ya iso rijiya, kayan gyaranta sai an aika Kano ko Jos, ita kuwa motar Japan ko a Kumo ta tsaya maka za ka sami safaya a shagon farko. Malam sai ya yi murmushin nan nasa, ya ce ai abin da ake yawan nema shi ake kasawa a kowane shago. Sai ya tashi ya buɗe ƙofarta ya rufe, ya ce Sallau ya saurari wannan ƙarar, ya faɗa masa ko ya taɓa jin irinta a motoci huɗun da ya canza. Ni ina daga madafi ina dariya. Ban san komai a kan inji ba, amma ina cikinta ranar da muka je ta'aziyya Dukku ruwa ya yanke hanya, ƙananan motoci suka jeru a gefe, ita ta ratsa a hankali kamar saniyar da ta san mashigi. Kai ne a gaba ranar, kana ta salati.

Kowace safiya in ya dawo daga masallaci sai ya tashe ta, ya zauna a ciki yana wuridinsa har injin ya yi ɗumi. Matan layinmu da wannan ƙarar suke ɗora ruwan koko. Ita ta kai amaren unguwar nan gidajensu, ita ta kai masu naƙuda asibiti. Ranar da jikinsa ya tsananta ma, murɗawa ɗaya ta tashi, ta kai shi. Ita ta dawo, shi bai dawo ba.

To, ga laifina. Bayan addu'ar uku, da ka koma, aka tsaya a kan cewa ba za a raba gado ba sai ka samu dawowa. Ni kuwa tun ina yarinya a gaban allo aka dasa mini tsoron ayar nan ta masu cin dukiyar marayu, cewa wuta suke zubawa a cikinsu. Sai na duba na ga motar nan ba ta Malam ba ce kuma, akwai haƙƙinka a ciki, da na Sallau, da na Joda, da na Ikhlas wadda ko balaga ba ta yi ba. Na sa aka ja ta ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, na sa aka lulluɓe ta da tamfol aka ɗaure tam da igiya don kada ko ƙura ta taɓa ta. Makullin na saka a gafakar Malam, tare da Alƙur'aninsa, na rataye a ɗaki. Na ji a raina na kyauta, na tsare amana.

Ka san Nehemiah, bakaniken nan na Herwagana, mutumin Billiri, wanda shekara ashirin ba wanda ya taɓa sa hannu a motar sai shi. Sau uku yana zuwa. Da yake ba ya iya shigowa wurina ina takaba, sai ya tsaya a zaure ya turo matarsa Mary da saƙo. Roƙonsa ɗaya ne, in ba shi makulli ya tashe ta minti goma, ya zagaya da ita layi ya dawo, ya ɗaga tamfol ta sha iska. Ni kuma na ce wa Mary ta ba shi haƙuri, man da ke cikin tankin ma na magada ne, duk ɗigon da ya ƙone akwai rabon marainiya a ciki, ba ni da ikon ba da shi. Zuwa na biyu ya ce shi zai zo da mansa a galan. Na ce to tayoyin da za su taka ƙasa fa, su ma ai suna cinyewa. Yaya, ka ji irin wayon da na yi wa kaina. Zuwa na uku Mary ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna, ta ce mijinta ya ce a faɗa mini motar Jamus tafiya ba ta kashe ta, zama ke kashe ta. Na yi mata godiya, na ba ta goro, ban ba da makullin ba. Ban tambayi liman ba, ban tambaye ka ba. An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa na ga kamar abin a fili yake.

Washegarin fitata takaba na sa aka kwance igiyar. Wallahi, Yaya, warin da ya fito sai da na dafa bango. Ashe tamfol ɗin da na ɗauka kariya ne shi ya tara mata danshi wata huɗu. Kujerun nan da Malam yake gogewa da tsumma duk sun yi fumfuna, kore da fari. Ruwa ya kwanta a wurin sa ƙafa. Tayoyi uku sun zauna ƙasa. Da Nehemiah ya ɗaga bonet, ɓeraye sun yi sheƙa a ciki har da 'ya'ya, sun cinye wayoyi kamar an bi su da almakashi. Man da na hana a ƙona ya lalace a tanki, ba mai amfana da shi. Nehemiah ya cire hularsa ya tsaya yana kallo, sai na ga yana share ido da bayan hannu. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da yamma na aika aka tambayo mini liman. Ya ce niyyata mai kyau ce, Allah ba Ya kama bawa a kan abin da bai sani ba, amma kula da dukiyar maraya don kada ta lalace shi ne ainihin tsare ta, tashin motar nan kuwa yana cikin kulawar. Garin neman gira na rasa ido. Abin da hanyar Dukku da shekara ashirin da huɗu suka kasa yi mata, ni na yi mata shi ina zaune a kan sallaya.

Sallau ya zo ranar Asabar ya gani. Bai zarge ni ba, Allah Ya saka masa. Ya ce dama ya faɗa, irin waɗannan motoci sai mai su, in mai su ya tafi sun zama kaya. Ya ce gyaranta wahala ce ba iyaka, a ba 'yan gwangwan su yanka ta su auna, a huta, in ya so a nema wa yara ƙaramar motar Japan wadda kowane bakanike ya san cikinta. Ba zan ce ba shi da gaskiya ba, don shi ma alheri yake nufi. Har ya yi magana da mutanen, sun ce za su zo Asabar ta sama da gatura da abin yankan ƙarfe, a nan tsakar gida za su farfasa ta tunda ba ta motsi. Ya ce in dai ba kai ka hana ba, magana ta ƙare.

Shi kuwa Nehemiah, kafin ya tafi ran nan, ya roƙi in bar shi ya gwada abu ɗaya, na yarda. Ya sa sifana a gaban injin ya danna da ƙarfinsa, sai injin ya juya. Ya sake dannawa ya sake juyawa. Ya ce wa Joda ta faɗa mini zuciyar motar tana nan da ranta, da wata ce da tuni ta daskare. Ya ce a ba shi ita ya ja ta garejinsa mako biyu, ladan aikinsa kuma ba ya so, tsakaninsa da Malam ne. Abin da za a saya na wayoyi da batir, na ce a cire a tumunina na gado ni kaɗai, kada a taɓa na kowa, tunda ni na jawo. Amma fitar da ita daga gidan nan ba ni da iko sai da yardar magada. Joda ta yarda, Sallau ya ƙi, saura kai, kuma kai ne babba, kai ne waliyyin Ikhlas.

Yaya, ba don kaina nake roƙo ba. Ban iya tuƙi ba, ba kuma zan koya da furfura ba. In an gyara ta kuka ga a sayar, a sayar, ba zan ce uffan ba. Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna a ɗaki ina jin ana saran ta da gatari a inda Malam yake zama yana wuridi, Ikhlas tana kallo, ni kuma na san hannuna ne ya kai ta nan. Ina so ta bar gidan nan da ƙafarta, matan layinmu su ji ƙararta ko sau ɗaya ne. Kuma ina roƙonka gafarar rabonka da na ɓata, don na roƙi Sallau da Joda sun yafe, ita Ikhlas sai ta girma zan roƙe ta.

Ka gaishe mini da Yaya Dudu da kyau, ka ce mata turaren da ta aiko ya iso, na gode. Ina gaida Bappa da amaryarsa, da Ummul da 'yan biyunta. Joda da mijinta suna gaisuwa, Ikhlas ta ce a gaida Baffanta. Mary ma ta ce in na rubuta in sa gaisuwarta.

Makullin yana nan a gafaka, ban ba kowa ba. Asabar saura kwana biyar. Don Allah, Yaya, ka ba ni amsa da wuri.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Khadijatu.