Kan Ishaku Ba Ƙwallo Ba Ne

Ƙanena Bitrus,

"Yaya, ni ne mataimakin koci, ko ƙwarzane ɗanki Ishaku ba zai yi ba." Haka ka ce mini. Ina gaisuwa. Ya Saratu da yara, ya jikin Mama?

Jiya daga nan Hyattsville a Amurka na kalli wasanku a gasar Afirka ta Yamma. Ishaku ya yi karo da mai tsaron gida, ya tashi yana tangaɗi, kuka mayar da shi fili. Yau na ji yana amai, ka shafa masa man zafi. Ni nas ce, na san abin da aman nan yake nufi, kuma hankalina ya tashi.

A ɗauki hoton kansa kafin azahar gobe. In ba haka ba, zan hau jirgi in ɗauke ɗana a gaban kocinku. Mama ta sa shi a addu'a.

Yayarka,
Rifkatu